Sabon Inji, Mataccen Maleji

A yawancin garejojin da ake sauya wa mota inji, a Kano ne ko a Kaduna, ana ɗaukar aiki ya ƙare da zarar inji ya tashi da mukulli ɗaya, bai yi hayaƙi ba, ruwa kuma bai tafasa ba. Mai gareji zai taka totur sau biyu don mai mota ya ji ƙara, yara su wanke hannu, a biya cikon kuɗi. Sai an hau titi ake lura cewa allurar maleji tana kwance a kan sifiri kamar an ɗaure ta, ga fitilar cek tana ci a dashbod. In an koma da ƙorafi, amsar sananniya ce: "Ranka ya daɗe, wannan ba matsala ba ce, wayarin ne kawai bai zo ɗaya ba. Inji lafiyarsa ƙalau." Mai motar, wanda wataƙila likita ne ko lauya ko akanta, mutumin da ba zai taɓa sa hannu a rahoton da aka bar shafi guda a cikinsa babu rubutu ba, sai ya gyaɗa kai ya ja motarsa.

Wannan amsa ba gaskiya ba ce, ko da mai faɗinta ya yarda da ita har zuci. Motar da aka sauya wa inji aka bar ta ba ta san gudunta ba, aikinta bai ƙare ba, kuma wanda ya karɓe ta a haka ya biya kuɗin cikakken aiki ya tafi da rabi. Abin takaicin shi ne rabin da aka bari ya fi arha nesa ba kusa ba, kuma shi ne ya fi kusa da ran mutanen da ke cikin motar.

Kuskuren yana da asali. A zamanin Peugeot 504, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, maleji ba shi da wata alaƙa da inji. Igiyar ƙarfe ce take fitowa daga giyabos, tana juyawa a cikin bututunta har bayan dashbod, inda take juya wani maganaɗisu da ke jan allura. In igiyar ta tsinke, allura ta kwanta, shi ke nan. Kafireta ba ta san an yi ba, giya ba ta san an yi ba. Makanikan da suka koyi aiki a kan irin waɗannan motoci sun yi gaskiya a lokacinsu da suka ce maleji na direba ne shi kaɗai. Matsalar ita ce sun koya wa yaransu wannan hukunci, yaran suka girma suka buɗe nasu garejin, alhali motar da ke gabansu ta daɗe da sauyawa.

A motar da ke da ƙwaƙwalwar inji, wadda masu gareji ke kira birenbos, labarin gudu saƙo ne na lantarki, kuma direba ɗaya ne kawai daga cikin masu jiransa. Ƙwaƙwalwa tana amfani da shi wajen riƙe sulo idan mota tana gangarowa za ta tsaya, shi ya sa motar da ta rasa wannan saƙo takan mutu a bakin danja ko a shataletale, daidai lokacin da direba ya taka kuloci. Tana amfani da shi wajen yanke mai idan an ɗaga ƙafa daga totur. A tsofaffin injinan Honda masu VTEC, ƙwaƙwalwa ba ta buɗe wannan tsari sam in ba ta ga mota tana tafiya ba, don haka mutum zai sayi injin saboda ƙarfinsa, ya yi shekaru yana tuƙi bai taɓa ɗanɗana ƙarfin ba. A mota mai giyar otomatik kuwa abin ya fi muni. Lokacin sauya giya ana lissafa shi ne daga gudun mota da nauyin totur. In babu gudu, giya takan riƙa fizga, ko ta maƙale a lamba ɗaya don kare kanta, ko kuma kulocin da ke cikin kwanbata, wanda ya kamata ya kulle idan an miƙi hanya, ya ƙi kullewa. Kwanbatan da bai kulle ba yana ta dama man giya, man yana zafi, a hanyar Kano zuwa Maiduguri cikin watan Afrilu. Bayan wata shida giya ta ƙone, a ce ai dama giyar baljiyam ba ta da tabbas, a koma Ƙofar Ruwa ko Panteka a sayo wata. Babu wanda zai danganta mutuwarta da waya ɗaya da aka bari tana reto a ƙarƙashin mota.

To me ya sa saƙon yake ɓacewa? Da farko, sensar gudu ba a jikin inji take ba. A motocin shekarun 1990 da farkon 2000 a jikin giyabos take, tana ƙidayar juyin sandar da ke fita zuwa tayoyi. Sai dai da wuya a sauya inji daga wata mota zuwa wata ba tare da an taɓa giyabos, ko ƙwaƙwalwa, ko wayarin ba, kuma waɗannan uku su ne hanyar da saƙon yake bi. A Toyota da yawa na wancan zamani, saƙon yana fara zuwa agogon dashbod ne, agogon ya gyara shi, sannan ya miƙa wa ƙwaƙwalwa. Ke nan in agogo bai karɓa ba, ƙwaƙwalwa ma ba ta gani ba. Allurar da ta kwanta a irin wannan mota shaida ce cewa inji yana aiki a makance.

Na biyu, sensoshin ba yare ɗaya suke yi ba. Akwai mai waya biyu, wadda naɗin waya ne a kan maganaɗisu. Haƙoran ƙarfe suna wucewa ta gabanta, ita da kanta tana haifar da wuta mai hawa da sauka, rarrauna idan ana tafiya a hankali, mai ƙarfi idan an ɗauki gudu. Akwai mai waya uku, sensar Hol, da sunan Edwin Hall, Ba'amurken da ya gano ƙa'idarta a 1879. Ita sai an ba ta wuta, bolt 5 ko 12, da wayar at, sannan ta fitar da bugu tsaf, kunne ko kashe, ƙarfinsa ɗaya ko ana rarrafe ko ana gudu. Akwai kuma tsohuwar nan mai ɗan makunni da maganaɗisu ke buɗewa yana rufewa, wadda ake samu a bayan agogon motoci masu igiya. Agogon da aka ƙera don ya ji bugun sensar Hol, in aka haɗa shi da mai waya biyu, ko dai ya yi shiru, ko ya farka sai an kai wani gudu. Haɗa waya da waya bisa launi, wanda shi ne abin da aka fi yi, ba ya warware wannan, domin jar waya a Nissan da jar waya a Toyota ba su yi wa juna alkawarin komai ba.

Na uku shi ne ƙidaya, kuma a nan ne haɗarin ya fi ɓoyuwa. Bisa tsohuwar ƙa'idar Japan, igiyar maleji tana juyawa sau 637 a kowace kilomita, sensa kuma tana yin bugu 4 a kowane juyi, wato bugu 2,548 a kilomita. Motocin General Motors da yawa suna ba agogo bugu 4,000 a mil ɗaya, na Ford da yawa kuma 8,000. In aka ba agogon Japan saƙon Ford, wanda ya kama kusan bugu 4,971 a kilomita, zai nuna 195 alhali ana kan 100. Wannan kowa zai gane hauka ne. Amma in aka ba shi na General Motors, kimanin bugu 2,485 a kilomita, zai nuna 97 da ɗoriya a kan 100, kuma babu wanda zai zarge shi. Haka nan ɗan haƙorin robar da ke juya sensa a cikin giyabos, an zaɓi yawan haƙoransa ne don wani aksul da wata taya. Giyabos ɗin da aka ciro daga ƙaramar mota aka ɗora a kan aksul ɗin bas zai ci gaba da ƙidaya kamar yana gidansa na farko. A ƙara da al'adar nan ta ɗaga mota da manyan tayoyi saboda ramuka: taya 195/65 R15 tsayinta daga ƙasa zuwa sama kimanin milimita 635 ne, 205/70 R15 kuwa 668, bambancin ya haura kashi 5 cikin ɗari. Kurakuran nan in suka taru a gefe ɗaya, mutum zai ga 100 a gabansa yana kan 110 ko fiye. Ta wani fannin mataccen maleji ya fi wannan mutunci, don shi ko ba komai bai yi wa kowa ƙarya ba.

Masu ƙera motoci ba su ɗauki wannan da wasa ba. Ƙa'ida ta 39 ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan kayan mota, wadda Turai ke bi, ta haramta wa maleji nuna ƙasa da ainihin gudu ko kaɗan. An yarda ya yi ƙari, amma kada ya wuce kashi 10 cikin ɗari da kilomita 4 a kai. A kan gudun 100 na gaskiya, zai iya nuna daga 100 zuwa 114, ba zai taɓa nuna 99 ba. An karkatar da kuskuren da gangan zuwa ɓangaren da ba ya kisa. Garejin da ya sauya giya da taya bai auna ba, yana iya juya wannan karkata ta koma ɗaya ɓangaren, ba tare da shi ko mai motar sun sani ba.

Akwai masu cewa gwanin direba ba ya buƙatar allura, da kunne yake jin gudunsa. Ko a ce haka ne, kunnen ya saba ne da tsohon inji. Sabon inji, musamman in ya fi girma ko an haɗa shi da giya mai tsawo, yana iya yin 120 da ƙarar da tsohon yake yi a 90. Ma'aunin da direban yake taƙama da shi, shi ne abu na farko da aka cire daga motar ranar da aka sauke inji. Ban da haka, jiki yana sabawa da gudu. Wanda ya yi awa biyu yana sheƙa 110, in ya shigo ƙauye ya rage zuwa 75 sai ya ji kamar tafiyar hawainiya yake yi, alhali dokar hanya ta ce 50 a cikin gari, ga yara suna tsallaka titi da tallar gyaɗa.

Lissafin abin da ke tsakanin 100 da 120 ba ya buƙatar digiri. Nisan da birki yake ci kafin mota ta tsaya yana hawa ne da ninkin gudu a kan kansa, don haka ƙarin kashi 20 na gudu ƙarin kashi 44 ne na nisan birki. A ɗauki motoci biyu a busasshiyar kwalta, birkinsu mai kyau, direbobinsu kowa ya ɗauki sakan ɗaya kafin ya taka. Mai 100 zai tsaya bayan kimanin mita 83. A daidai wannan wuri, mai 120 yana nan yana tafiya da gudun da ya haura kilomita 70 a awa. In tirela ce ta lalace a gaba babu alama, ɗaya ya fito yana salati yana duba bamba, ɗaya kuma sai dai a kira dangi.

Wasu kuma za su ce ai waya tana nuna gudu ta GPS. Tana nunawa, kuma a miƙaƙƙiyar hanya da gudu daidaitacce takan fi agogon mota dacewa da gaskiya. Amma waya direba take gaya wa. Ƙwaƙwalwar inji ba ta kallon fuskar waya, giyar otomatik ma haka. Duk illar da aka ambata a baya tana nan daram, an dai ƙara wa direba wani abin kallo.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta makanikin kansa, kuma ya kamata a saurare ta da adalci. Injin da aka sayo daga Ladipo ko aka shigo da shi ta Kwatano yakan zo da wayarin da aka datse da almakashi, babu takarda, babu taswirar waya, wani lokaci ma ba a san motar da aka ciro shi ba. Mutumin da ya iya zaunar da wannan inji a gidan da ba nasa ba, ya yanka ƙafafu ya yi walda, ya haɗa shi da giya, ya tayar da shi a ƙarƙashin bishiyar darbejiya, ba jahili ba ne, kuma masu raina shi ba za su iya kwatanta aikinsa ba. Sai dai wannan gwaninta ita ce take kayar da uzurin. Wanda ya iya babban aikin ba zai ce ƙaramin ya gagare shi ba. Gaskiyar magana ita ce ba a biyansa don ƙaramin, ba a kuma tambayarsa. An yi ciniki a kan inji ya tashi, inji kuwa ya tashi. Da masu motoci suna riƙe cikon kuɗi har sai allura ta motsa daidai, da tuni kowane gareji yana da yaron da ya ƙware a wannan.

Aikin kuwa ba wani sihiri ba ne. Tun kafin a sauke tsohon inji ake fara shi, da tambaya biyu: daga ina motar take samun labarin gudunta, kuma wane irin saƙo sabuwar ƙwaƙwalwa take jira? In tsohon giyabos zai zauna, agogo zai ci gaba da aikinsa, abin da ya rage shi ne a kai wa ƙwaƙwalwa reshen saƙon a ƙafar da ta dace, a kuma tabbatar ƙidayar ta yi daidai. In giyabos mai igiya ne ƙwaƙwalwa kuma tana son bugu, akwai sensar Hol da ake ɗaurawa a bakin igiyar, igiya ta ratsa ta cikinta ta wuce zuwa agogo, kowa ya samu nasa. In yare ne ya saɓa, akwai ƙaramin da'irar lantarki mai mai da wutar sensa mai waya biyu zuwa bugu tsaf. Guntun LM1815 don wannan aka yi shi. In ƙidaya ce ta saɓa, ko a sauya ɗan haƙorin roba, ko a sa akwatin da ke ninka bugu ko rage shi, irin wanda kamfanin Dakota Digital ke yi. Wasu sensoshin Hol ba sa fitar da komai sai an sa musu ɗan resisto tsakanin wayar saƙo da ta wuta, kuma sensa nawa lafiyayyu aka jefar a bola saboda rashin sanin wannan. Wayar saƙo kuma a nisanta ta da wayoyin fulogi da kwayil, a ba ta at mai tsabta, in ba haka ba allura za ta riƙa rawa tana bin ƙarar inji maimakon juyin taya.

A motocin da suka fi sabunta lamarin ya sauya salo. Gudu yana fitowa ne daga sensoshin ABS da ke ƙafafun mota, akwatin ABS ya lissafa, ya watsa ta wayoyi biyu na tsarin CAN, wanda kamfanin Bosch ya fito da shi a 1986, Amurka kuma ta wajabta shi wajen binciken motoci daga 2008. Kowane kamfani da lambobin saƙonsa, don haka ƙwaƙwalwar wata mota za ta ji ana magana a kan wayar amma ba ta fahimta ba, sai an sa na'urar tafinta ko an sake mata manhaja. A nan ne wata mummunar al'ada take haɗuwa da ’yar'uwarta: makanikin da ya ce ABS ba ta dace da hanyoyin Nijeriya ba ya cire ta, ya cire tushen labarin gudu ke nan gaba ɗaya, ya bar inji da giya da sitiyari mai lantarki duk suna lalube.

Gwaji ma mai sauƙi ne, mai mota zai iya tsayawa a yi a gabansa. Duk motar da aka sayar a Amurka daga 1996, da ta fetur a Turai daga 2001, tana da soket ɗin OBD a ƙarƙashin sitiyari. Ƙaramar na'urar ELM327, wadda kuɗinta bai kai na cika tanki ba, za ta nuna a waya gudun da ƙwaƙwalwa take gani, ta kuma fito da lambar P0500 in saƙon ya ɓace. A hau miƙaƙƙiyar hanya, wani yana tuƙi wani yana rubutu, a kwatanta lambobi uku a kan 40 da 60 da 80 da 100: ta agogo, ta ƙwaƙwalwa, da ta GPS. In kuskuren yana hawa daidai da gudu, ƙidaya ce. In allura tana tsalle, at ne ko hayaniyar waya. In ba ta farkawa sai an kai 30, saƙon ne rarrauna ko sensa ta yi nisa da haƙora. Mai wayarin da ke da mita mai auna bugu zai iya tabbatarwa a tsaye, bayan an ɗaga tayoyin da ke ja a kan ƙafafun ƙarfe masu ƙwari: a tsarin Japan, gudun 60 yana ba da bugu 42 da rabi a sakan, gudun 100 kuma kusan 71.

Abin da ake yi maimakon haka shi ne a buɗe dashbod a cire ƙwan fitilar cek, ko a manna mata baƙin salatif. Wannan ya wuce sakaci, ya shiga ha'inci. Fitilar ɗaya ce tak, ita ce kuma za ta yi magana gobe in fulogi ya daina ci ko mai ya yi yawa. Wanda ya rufe mata baki don ɓoye laifin yau ya rufe bakin duk wani gargaɗi da zai biyo baya. Ƙidayar kilomita ma ta tsaya tare da allura, don haka juyen baƙin mai ya koma lissafin ka, kuma ranar da za a sayar da motar, mai saye zai ga lambar da ta daskare tun shekara uku ya ɗauka ita ce gaskiya. Mutumin da ba zai yarda ya tauye mudu ba sai ga shi ya sayar da motar da ta ɓoye dubban kilomitoci, yana ganin hannunsa tsarkakakke ne.

Hukuma ma tana da nata kason. Daga 1 ga Fabrairun 2017 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta wa motocin haya sa na'urar taƙaita gudu, dokar hanya kuma ta ƙayyade wa bas da tasi kilomita 90 a babbar hanya mai tagwayen layi. Manufar mai kyau ce. Amma na'urar taƙaita gudu sai ta san gudu kafin ta taƙaita shi, kuma wadda take karɓar labari daga sensar mota ba za ta fi sensar gaskiya ba. Motocin haya kuwa su ne aka fi sauya wa inji, domin su ne suke cinye inji. Bas ɗin da maleji yake rage kashi 15, na'urarsa za ta riƙe shi a kan abin da take zato 90 ne alhali yana kusa da 106, da takardar shaida a aljihun direba. Duba takarda a bakin titi ba ya gano wannan. Abin da zai gano shi gwajin minti goma ne a lokacin sabunta takardar lafiyar mota, a kwatanta allura da ma'auni mai zaman kansa, musamman ga duk motar da lambar injinta ta saɓa da wadda aka yi mata rajista da ita.

Kafin a kai can, ikon yana hannun wanda yake biya. A rubuta a cikin ciniki tun ranar farko cewa maleji da ƙidayar kilomita za su yi aiki, fitilar cek za ta kama idan an murɗa mukulli ta kuma mutu idan inji ya tashi, kuma cikon kuɗi sai bayan gwajin hanya. Mai gareji zai ƙara farashi, haƙƙinsa ne, domin zai kira mai wayarin ya kuma ɓata yini guda. Fasinjoji 18 da suka shiga bas a tashar Unguwa Uku ba su san ko an yi wannan ciniki ba, kuma daga kujerar baya ba a hango allura.